Jami'a mai suna ko wadda ta fi ba da tallafi: wacce 'yata za ta zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Amurka nake zaune da iyalina. 'Yata ta fari ta samu gurbin karatu a jami'o'i uku. Ta farko tana cikin Ivy League, wato rukunin tsofaffin jami'o'i takwas masu suna na Amurka, bayan an cire tallafi za mu riƙa biyan dala 41,000 a shekara. Ta biyu ita ma babbar jami'a ce mai zaman kanta, ta ɗauke mata kuɗin karatu gaba ɗaya saboda ƙoƙarinta, saura dala 23,000 na ɗaki da abinci da sauransu. Ta uku babbar jami'ar jiharmu ce, dala 14,000. Abin da zan iya fitarwa ba tare da cin bashi ba bai wuce dala 25,000 a shekara ba, ga ƙannenta biyu a baya. Likita take so ta zama. Ranta yana kan ta farko, ni ma gaskiya ina son sunan. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ina taya ku murna, Allah ya sanya albarka. Jami'ar da ba ta karɓar ko mutum goma cikin ɗarin da suka nema ba ta buɗe wa kowa ƙofa don kunya. Yarinyar nan ta yi aiki, ku ma kun yi.

Bari in ba ka shawarata tun yanzu, dalilai su biyo baya. Ka koma wa jami'a ta farko, ka nemi su sake duba lissafinsu. Idan suka sauko zuwa wajen dala 31,000 a shekara, wato abin da kake iya biya haɗe da ɗan rancen da gwamnati ke ba ɗalibi da sunansa, to ta tafi can da albarkarka. Idan suka kafe a kan 41,000, ta biyu ce zaɓi, kuma zaɓi ne da babu abin kunya ko nadama a cikinsa. Tsakanin babbar jami'a da wata babbar jami'a, tazarar suna ba ta kai uba ya ci bashin da zai bi shi har tsufa ba.

Mu fara da yadda aka yi wannan 41,000 ɗin ya fito. Kuɗin da waɗannan jami'o'i ke rubutawa a shafinsu ba shi ne yawancin iyalai ke biya ba. Harvard ta sa kuɗin karatu kusan dala 59,000 a shekarar karatu ta 2025/2026, in an haɗa da ɗaki da abinci da sauran caji ya doshi dala 87,000. Amma fiye da rabin ɗalibanta suna karɓar tallafi. A watan Maris na 2025 ta sanar da cewa iyalin da samunsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba ba za su biya komai ba, waɗanda ba su wuce dala 200,000 ba kuma an ɗauke musu kuɗin karatu. MIT ta yi irin wannan sanarwa a Nuwambar 2024. Princeton kuwa tun 2001 ta daina sa rance a cikin tallafinta. Suna iya yin haka ne saboda asusun waƙafi da suka tara shekara da shekaru. Na Harvard kaɗai ya haura dala biliyan 50. Shi ya sa ɗan talaka sau da yawa yakan biya kuɗi kaɗan a jami'a mafi tsada fiye da abin da zai biya a ta jiharsu. Mai kuɗi sosai ba ya jin komai. Waɗanda abin ke matsewa su ne irinku, masu rufin asiri: samunku ya wuce na a ɗauke muku komai, bai kai na ku biya cikin kwanciyar hankali ba.

A ƙarƙashin duk waɗannan alƙawura akwai sharaɗin da mutane ke tsallakewa, cewa kadarorin iyali ba su wuce na al'ada ba. Fom ɗin gwamnati, FAFSA, ba ya ƙirga gidan da kuke zaune a ciki. Amma manyan jami'o'i masu zaman kansu galibi suna ƙara neman a cika wani fom mai suna CSS Profile, wanda ke tambayar darajar gida, da kasuwanci, da gidan haya in akwai, har da samun mahaifin da ba ya tare da yaro idan aure ya mutu. Kowace jami'a tana da yadda take sarrafa amsoshin. Harvard da Stanford ba sa ƙirga gidan zama, wasu suna ƙirga wani ɓangare, wasu kuma suna ƙirga shi sosai. Iyali ɗaya, takardu ɗaya, sai jami'o'i biyu masu matsayi ɗaya su bambanta da dala dubu goma ko fiye. Don haka abu na farko da za ka tambayi ofishin tallafi shi ne: me kuka ƙirga har kuka kai ga wannan adadi?

Yanzu ɗauko takardun tallafin guda uku, ka shimfiɗa su a tebur, ka riƙe biro. Babu dokar da ta tilasta wa jami'o'i rubuta su da tsari ɗaya. A 2022 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya gano cewa kusan kashi 91 cikin ɗari na makarantu ko dai ba sa nuna ainihin abin da iyali za su biya a takardar, ko kuma suna nuna ƙasa da shi. Ka bi layi-layi, kowane ka tambayi kanka: kyauta ce, bashi ne, ko ladan aiki ne? Kyauta kaɗai za ka bari. Layin da aka rubuta rance, ka ja masa layi ka soke, ko da an jera shi tare da tallafi kamar alheri. Layin aiki a harabar makaranta, wanda yakan kai dala dubu biyu ko uku, shi ma ka soke, domin sai ta nemi aikin, ta yi shi awa-awa a ɗakin karatu ko ɗakin cin abinci, sannan a biya ta a hannu. Ba a cire shi daga kuɗin da za a aiko maka a watan Agusta. Wasu jami'o'in suna kuma sa ran ɗalibi ya kawo wani abu daga aikin hutun bazara. Bayan ka gama sokewa, ka duba abin da ba a rubuta ba ko aka rubuta a ƙasa da gaskiya: inshorar lafiya, wadda kan ci dubban daloli in ba a amince da taku ta gida ba, da littattafai, da kwamfuta, da tikitin jirgi na hutu. Zama a New York ko Boston ba ɗaya ba ne da zama a ƙaramin gari irin Ithaca ko Hanover. Adadin da ya rage bayan wannan shi za ka ninka sau huɗu, ka ƙara masa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari kowace shekara, domin haka kuɗin ya saba hawa.

Tallafin ta farko da na ta biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma ba sa tafiya iri ɗaya cikin shekara huɗu. Jami'o'in Ivy League guda takwas sun yi yarjejeniya cewa ba sa ba da tallafi don hazaƙa ko wasanni, sai don buƙata. Saboda haka kada 'yarka ta ɗauka ba su ga ƙoƙarinta ba; ko wanda ya fi kowa maki ba sa ba shi ko sisi saboda makin. Irin wannan tallafi ana sake lissafa shi duk shekara. In samunka ya ƙaru, ya ragu. In samunka ya faɗi, ya ƙaru, kuma wannan kariya ce ta gaske. Akwai ma abin da zai iya zame muku alheri: idan ɗaya daga cikin ƙannenta ya shiga jami'a tana nan ba ta gama ba, da yawa daga cikin jami'o'in da ke amfani da CSS Profile suna rage wa iyali nauyi, duk da cewa FAFSA ya daina wannan rangwame daga shekarar 2024/2025. Ka tambaye su a rubuce nawa kuɗin zai koma a shekarar da hakan ta faru. Amsar tana iya canja lissafin gaba ɗaya.

Tallafin hazaƙa kuwa, irin wanda Vanderbilt da Duke da Emory da Rice da Jami'ar Washington da ke St. Louis ke bayarwa, da shi suke janye ɗaliban da Ivy League ta riga ta karɓa. Bai damu da samunka ba, amma yana da nasa sharuɗɗan. Wane maki ake so ta riƙe, kuma in ta gaza a zango ɗaya, ana ba da damar gyarawa ko ana yankewa nan take? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce ga mai shirin likitanci, domin darussan sinadarai na shekarar farko da ta biyu sun kayar da yara masu kaifin basira da yawa. Tallafin yana hawa tare da kuɗin karatu, ko adadi ne tsayayye da hauhawar kuɗin za ta riƙa cinyewa? Zango takwas kaɗai ya rufe? In ta canja fanni yana bin ta? In amsoshin sun yi kyau, to ka sani cewa irin wannan tallafi sau da yawa yakan zo da abin da ya fi kuɗi: kuɗin bincike a hutun bazara, malamin da zai riƙe ta, da sunan tallafin a takardunta, wanda masu tantance ɗaliban likitanci sun san darajarsa.

A wajen bashi gizo ke saƙar. Tsakanin 41,000 da 25,000 ɗin da kake iya biya akwai giɓin dala 16,000 a shekara. Sau huɗu 64,000 ke nan, in an sa hauhawa a ce 70,000. Rancen gwamnati da ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa zai iya karɓa yana da iyaka: dala 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 a ta uku da ta huɗu, jimla 27,000. Kuɗin ruwansa a 2024/2025 kashi 6.53 ne, wanda zai sa ta riƙa biyan wajen dala 300 a wata har shekara goma. Wannan nauyi ne da mai digiri zai iya ɗauka, shi ya sa na sa shi a matsayin iyaka. Sauran 43,000 ɗin kanka zai hau. Rancen iyaye na gwamnati, Parent PLUS, kuɗin ruwansa a 2024/2025 kashi 9.08 ne, ga cajin sama da kashi 4 da ake zarewa tun kafin kuɗin su iso makaranta. Dala 43,000 a kan haka ya kai wajen 545 a wata har shekara goma, jimla kusan 65,000, kuma in ka jinkirta biya har ta gama karatu ruwan yana taruwa tun daga ranar farko. Da sunanka yake, tsarin gwamnati ba ya mayar da shi kan yarinya, kuma ko mutum ya kai kansa kotu a matsayin wanda ya karye, da wuya a yafe masa bashin karatu. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta ma taƙaita shi daga 1 ga Yuli, 2026: dala 20,000 a shekara, 65,000 gaba ɗaya ga kowane ɗa. Abin da ya wuce nan sai bankuna, su kuma sai ka sa hannu a matsayin mai tsaya mata.

Ka lissafa shekarun. Lokacin da za ka fara biyan wannan 545 ɗin shi ne lokacin da ƙannenta za su zo maka da nasu takardun. Abin da ka yi wa ta fari, na biyu da na uku za su sa ran irinsa, kuma suna da gaskiya.

Ga kuma likitancin. A Amurka ba a shiga shi daga sakandare. Sai ta yi digirin farko shekara huɗu, ta rubuta jarrabawar neman shiga likitanci da ake kira MCAT, ta nemi makarantar likitanci ta sake shekara huɗu, sannan horon asibiti na shekara uku zuwa bakwai a kan albashi kaɗan. Waɗanda suka ci bashi don makarantar likitanci sukan fito da wajen dala 200,000 a kansu, tallafin kyauta a can kuma bai kai na digirin farko yawa ba. Wannan dokar ta 2025 ta sa iyaka a nan ma, dala 50,000 a shekara da 200,000 gaba ɗaya. Ma'ana duk dalar da ba ku kashe yanzu ba za ta yi amfani a gaba, a lokacin da ba za a sami mai ba da ita ba. Makarantun likitanci suna duba maki, da sakamakon MCAT, da binciken da ɗalibi ya yi, da zaman da ya yi kusa da marasa lafiya, da wasiƙun malaman da suka san shi da gaske. Sunan jami'a yana ɗan taimakawa a mafi tsananin makarantu, amma ba ya rufe maki mara kyau. Kowace shekara waɗanda ke samun gurbi ba su kai rabin masu nema ba. Don haka ku tambayi kowace jami'a: akwai asibitin koyarwa kusa da harabar? Ɗan aji ɗaya ko aji biyu yana samun shiga ɗakin gwaje-gwaje? Idan suka yi alfahari da yawan ɗalibansu da ke samun likitanci, ku tambaya ko kowa suke ba wasiƙar goyon baya ko suna tace masu rauni tun kafin su nema, domin tacewar ce ke ƙawata adadin.

To suna fa, ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, kuma ba zan rage masa daraja don in ƙarfafa shawarata ba. Masana tattalin arziki sun daɗe a kan wannan tambaya. Wahalarta ita ce, in ka ga ɗan Yale, ɗaya daga cikin jami'o'in Ivy League, yana samun kuɗi, ba ka sani ba ko Yale ce ta yi masa ko kuwa dama irin yaron da Yale ke ɗauka ne. Stacy Dale da Alan Krueger sun nemo hanyar rarrabewa a binciken da suka buga a 2002, suka sake faɗaɗa shi a 2011. Sun kwatanta ɗaliban da suka nemi jami'o'i iri ɗaya, aka karɓe su a wurare iri ɗaya, amma wani ya tafi mai tsananin zaɓe, wani ya tafi wadda ba ta kai ta ba. Bayan shekaru, samunsu ya zo kusan kan-kan-kan. Yaron ne ke ɗauke da abin, ba ƙofar da ya shiga ba. Sai dai sun ga bambanci a wajen baƙaƙen fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da 'ya'yan marasa ƙarfi, da waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba. Su kam babbar jami'a ta ƙara musu. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne, ɗan gidan da ya riga ya san mutane ba ya buƙatar jami'a ta haɗa shi da kowa, wanda bai san kowa ba kuwa can yake samun hanya.

A 2023 Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka zo da wani binciken a kan jami'o'i goma sha biyu: takwas na Ivy League, da Stanford, MIT, Duke da Chicago. Sun duba ɗaliban da aka sa a jerin jira, wasu aka kira su daga baya, wasu ba a kira ba suka tafi wasu jami'o'in, daga nan suka auna bambancin zuwa waɗannan goma sha biyun da zuwa manyan jami'o'in jihohi. A matsakaicin albashi bambancin kaɗan ne, kamar yadda Dale da Krueger suka gani. A ƙololuwa ne abin ya fito. Damar shiga cikin kashi ɗaya bisa ɗari na mafi samu ta ƙaru da rabi ko fiye, damar shiga babbar makarantar gaba da digiri ta kusan ninkawa, damar aiki a manyan kamfanoni masu suna ta kusan ninkawa sau uku.

Ka lura da abin da aka kwatanta a nan. Waɗannan goma sha biyun aka auna da jami'o'in jihohi. Wato binciken yana magana ne a kan tazarar da ke tsakanin ta farko da ta uku a jerinku. Waɗannan alƙaluman ba su shafi tazarar ta farko da ta biyu ba, wadda ita ma, yadda ka siffanta ta, tana cikin manya. Kuma ƙofofin da suna ya fi buɗewa sanannu ne: bankunan zuba jari, kamfanonin ba da shawara kan kasuwanci, manyan ofisoshin lauyoyi, siyasa. Mai son waɗannan yana da hujjar biyan ƙari. Likita kuwa makarantar likitancinta da asibitin da ta yi horo su ake tambaya. Haka yake a shari'a ma: takwas daga cikin alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka sun yi karatun lauya a Harvard ko Yale, amma ɗaya daga cikinsu, Clarence Thomas, daga kwalejin Holy Cross wadda ba ta cikin Ivy League ya je Yale. Digirin ƙarshe shi ke bin mutum.

Shi kansa sunan Ivy League, asalinsa ƙungiyar wasanni ce da aka kafa a hukumance a 1954 tsakanin tsofaffin jami'o'in arewa maso gabas. Stanford ba ta ciki, MIT ba ta ciki, Johns Hopkins da duniya ta sani a fannin lafiya ba ta ciki. A injiniyanci, jami'o'in gwamnati irin Berkeley da Georgia Tech da Michigan da Illinois sun sha gaban yawancin 'yan ƙungiyar. Jadawalin da mujallar U.S. News ke fitarwa tun 1983 ma kada ku ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. A 2022 Columbia ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18 bayan wani farfesan lissafi nata, Michael Thaddeus, ya nuna shakku kan alƙaluman da ta bayar. A 2023 aka canja ma'auni, Vanderbilt ta sauko daga ta 13 zuwa ta 18 alhali malamanta da azuzuwanta suna nan yadda suke. Ba a biyan dala 72,000, wanda shi ne bambancin ta farko da ta biyu a shekara huɗu, don matsayi biyar ko shida a jerin da ke motsi haka.

Ta uku ba abin rainawa ba ce. A shekara huɗu za ta bar muku dala 36,000 a kan ta biyu, 108,000 a kan ta farko, kuma dubban likitoci daga irinta suka fito. Abin da ake fuskanta a can shi ne aji na farko mai ɗaruruwan ɗalibai, da wahalar samun malamin da zai san sunanka, da darussan da kan cika har su ja mutum zuwa shekara ta biyar. In tana da sashen hazikai kuma an ɗauki 'yarka a ciki, yawancin wannan yana raguwa. Ka duba shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimi, za ka ga yawan masu kammalawa da bashin da suke fitowa da shi. Na fifita ta biyu ne saboda tana cikin ƙarfinka kuma tana ba da kulawa ta kusa. Amma in 25,000 ɗin nan da ƙyar kake haɗa shi, ko aikinka ba shi da tabbas, to ta uku ta cancanci a zauna a kanta da gaske.

Sai neman a sake duba tallafin, wanda iyaye da yawa ke jin nauyin yi. Kada ka ji. Ba a janye gurbi don an tambaya, doka ma ta ba jami'an tallafi ikon gyara lissafi in akwai dalili, kuma mai nema yana tare da samu. Fom ɗin da kuka cika ya dogara ne da samun shekara biyu da suka wuce. In tun daga lokacin an rage maka aiki, ko a waccan shekarar wani kuɗi ya shigo sau ɗaya kamar na sayar da kadara, ko kuna biyan kuɗin asibiti mai yawa, ko kana ɗauke da nauyin iyaye tsofaffi, duk abin faɗa ne. Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Ta buɗe da cewa wannan jami'a ce zaɓinta na farko, ta faɗi abin da ya canja tare da takardun shaida, ta faɗi adadin da za ku iya a fili, dala 31,000, ta ce in an kai nan za ta amsa nan take. Ku haɗa da takardar jami'a ta biyu, amma ka sani Ivy League ba ta saba yin gasa da tallafin hazaƙa ba. Abin da ke motsa su shi ne sabon bayani ko kuskuren da aka gano. A abin da na saba gani, ƙarin 'yan dubbai yana samuwa, amma dubu goma a shekara sai in da gaske an ƙirga wani abu ba daidai ba. Ku kuma tambaya, in ta samo tallafi daga wata ƙungiya ta waje, daga ina za a cire shi: daga abin da kuke biya, ko daga kyautar jami'ar?

Ga masu karanta wannan daga wajen Amurka, lissafinku ya ɗan bambanta. Ba ku da rancen gwamnati. Jami'o'i kaɗan ne ke karɓar ɗalibin waje ba tare da duba aljihunsa ba sannan su cike masa buƙata, cikinsu akwai Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Dartmouth da Bowdoin. A sauran, neman tallafi yana iya rage damar samun gurbi, wanda bai nema tun farko ba kuma sau da yawa ba a ba shi daga baya. Biza ba ta yarda a yi aikin da ya wuce awa 20 a mako lokacin karatu ba, don haka kada a gina kasafi a kan aiki.

Malam, ka zauna da ita da mahaifiyarta, ka nuna mata alƙaluman nan yadda suke, har da 545 ɗin da shekarun da ƙannenta za su shiga. Yarinyar da ta iya cin waɗannan gurabe za ta iya fahimtar lissafin, kuma ya fi mata ta ji shi daga bakinka yanzu da ta gano shi a shekara ta uku, lokacin da sauya makaranta ke da wuya. Kada ka ce mata ta farko ba komai ba ce, domin ta san ba haka ba ne. In da hali, ku je ranakun da jami'o'in biyu ke ware wa waɗanda aka karɓa a watan Afrilu. Ta shiga ajin sinadarai ta zauna, ta tsayar da ɗan aji uku mai shirin likitanci ta tambaye shi wane malami ya san shi, kuma yaushe ya fara shiga asibiti.

Ranar amsawa 1 ga Mayu ce a yawancin jami'o'in, don haka ku aika wasiƙar cikin makon nan, kwana biyu bayan haka ku bi ta da waya. Idan ranar ta matso ba su ba da amsa ba, ku roƙi ƙarin lokaci a rubuce daga jami'o'in biyu. Kada ku biya kuɗin kama gurbi a wuri biyu, domin ya saɓa wa abin da ta sa wa hannu lokacin nema, kuma jami'a tana iya janye gurbin in ta gano.